Na kai aminina gidan tsohon soja, ya zagaya ya saye kayan

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, a cikin birnin Katsina nake. Tun ina aiki nake tara kayan yaƙi na da: takubba, kawunan masu, kwalkwali guda, da lambobin yabon sojojin da suka je yaƙin Bama. Mu bakwai ne masu wannan sha'awa, muna da majalisa duk bayan wata biyu, kowa ya zo da abin da ya samu a duba. A cikinmu akwai wani Alhaji mutumin Daura da ya zama aminina, in ya shigo Katsina a gidana yake sauka. Kwanakin baya na gano gidan wani tsohon soja da ya daɗe da rasuwa. 'Yarsa, tsohuwa ce yanzu, tana ajiye da lambobinsa biyu da littafin sallamarsa da hotonsa cikin kaki. Na ɗauki Alhaji muka je tare don ya fi ni ido. Na ce wa mutanen gidan zan dawo in an biya fansho. Da na koma sai jikan tsohuwar ya ce ai abokina ya dawo bayan kwana huɗu ya saya. Har yau Alhaji bai ce mini komai ba, ni kuma na daina ɗaga wayarsa. Zama na gaba a zaurena ne bayan Sallah. Zuciyata tana ce mini in tona shi a gaban kowa, ko in fice daga majalisar baki ɗaya. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya huci zuciyarka.

Cikin abu biyun da zuciyarka ke raya maka babu wanda na goyi baya. Abin da nake so ka yi shi ne ka shiga mota ka bi ta Mashi ka isa Daura, kai kaɗai, tun kafin Sallah, ka zauna da mutumin nan ido da ido. Sauran abin da zan faɗa duk dalilan hakan ne.

Ba zan ce maka bai yi laifi ba. Da sunanka aka buɗe masa ƙofar gidan nan, da ganin fuskarka tsohuwa ta yarda ta kwance ƙullin da ta yi shekara da shekaru tana ɓoyo a ƙasan adaka. Wanda aka shigar gida ta haka ba ya komawa ta bayan wanda ya shigar da shi. Shirun da ya yi daga baya ma ya fi sayen muni, don shi ke nuna ya san abin da ya aikata ba ya faɗuwa.

To amma da za ka tara mutane ka ce ya yi ciniki a kan cinikinka, sai an sami mai yi maka tambaya, don majalisar Katsinawa ba ta rasa wanda ya sauke Risala. Ka taya? An ce maka albarka, ko an sallama? Ka ajiye kafin alƙalami? Hanin da ya zo a hadisi, cewa kada mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa yana hawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna har sun kusa daidaitawa, ba a farkon tayi ba. A wasiƙarka kuwa ko farkon tayin ban gani ba. Cewa ka yi za ka dawo in an biya fansho, kuma duk wanda ya taɓa jiran fansho ya san wannan ba sa rana ba ce. Idan ka ja shi wannan fage zai kayar da kai, a cikin zaurenka, a kan tabarmarka. Abin da ya taɓa amana ce da kara, su kuwa ba a ƙwato su ta hanyar kunyata mutum. Ranar da ka tona shi a gaban mutum biyar, ka rufe masa ƙofar cewa ya yi kuskure, dole ya tsaya ya kare kansa, su kuma biyar ɗin dole kowa ya zaɓi gefe.

Akwai kuma mutanen da wasiƙarka ta wuce da sauri, wato masu kayan. Tsohuwar da ta riƙe kayan mahaifinta tsawon rayuwarta ba ta rabuwa da su cikin kwana huɗu don marmari. Ko magani ne, ko hatsi, ko kuɗin makarantar wani jika. Ka tambayi yaron abin da ya matsa musu? Ka san ko su suka nemi Alhaji da suka ga kai sai an biya fansho? Ka san ko wani dillali ne ya fara zarya a gidan, Alhaji ya ji labari ya riga shi? Ba uzuri nake nema masa ba, ko da haka ne ya kamata ya kira ka a ranar. Ina dai nuna maka cewa ka yanke hukunci da rabin labari, ragowar rabin kuma yana cikin wayar da ka ƙi ɗagawa.

Yanzu mu duba abin da ya kuɓuce maka, don ina zargin zafin zuciya ya sa ka auna shi fiye da nauyinsa. Ina zaton ɗaya daga cikin lambobin nan biyu Tauraruwar Bama ce, kuma ka san ta: tagulla ce mai tsini shida, da kambin sarauta da harufan Sarki Joji na shida a tsakiya, ƙyallenta ja a tsaka, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Juya bayanta. Fili ne sumul, ba suna ba lamba. Ta biyun, in irin wadda aka saba gani tare da ita ce, farar nan ce mai kan sarki a gaba, zaki ya take wani dodo a baya, ita ma ba suna a bakinta. Haka Ingila ta raba wa sojojinmu lambobin yaƙin duniya na biyu, ba kamar na yaƙin 1914 zuwa 1918 ba, waɗanda ake buga sunan soja da lambarsa a jiki. Ko wadda aka ba waɗanda suka yaƙi Kano da Sakkwato a 1903, shekarar da Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, akwai suna a bakinta, duk da na san ba kowa a majalisarku zai so ta kwana a ɗakinsa ba. Tauraruwar Bama an ba duk wanda ya yi aiki a wannan fage tsakanin Disamban 1941 da Satumban 1945, Bature da Ba'indiye da Bahaushe, don haka tana da yawa a duniya, har jabunta ana bugawa. Ita kaɗai ba ta gaya maka ƙirjin wa ta hau.

Littafin sallamar nan shi ne dukiyar. Shi ke ɗauke da suna da lambar soja, da ranar shiga da ranar fita, da rukunin da mutum ya yi aiki. Da shi za ka gane ko mahaifin tsohuwar nan yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ratsa kwarin kogin Kaladan inda babu hanyar mota, kaya a ka, abinci sai jirgin sama ya jefo musu. Ko yana cikin ta 82 da suka haɗu da su aka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Ko kuwa yana cikin bataliyoyin Najeriya uku da aka tura bayan sahun Japanawa tare da dakarun Chindit a 1944. Waɗannan sunaye muna wuce su kullum a ƙofar bariki ba mu kula ba: Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas. Mu a Katsina ma abin ya fi kusa da mu, don Sarki Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya taka har can ya gaishe da sojojin. Duk wannan yana rataye ne a 'yan shafuka, kuma shafi ana ɗaukar hotonsa. In Alhaji ya ba ka hoton kowane shafi, abin da ya sani kai ma ka sani, nasa bai ragu da komai ba.

Akwai kuma abin da bai saya ba, ba zai iya saye ba, kuma kai ne ke kusa da shi don kai ne a Katsina: bakin tsohuwar nan. Abin da mahaifinta ya riƙa faɗa da dare game da jirgin ruwa da daji da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, ranar da ya dawo da wanda ya tarbe shi, aikin da ya kama bayan an sallame shi, abokan da suka tafi tare ba su dawo ba. Ka koma gidan ba da niyyar saye ba. Ka riƙe ɗan goro da sabulu, ka nemi izininta, ka ajiye waya tana ɗauka, ka bar ta ta yi magana. 'Yan mazan jiyan kansu kusan duk sun tafi, 'ya'yansu ne suka rage, su ma ga shekaru. Masu tara kaya da yawa suna da ƙarfe cike da kwali, ka ɗaga ɗaya ka ce na wane ne sai su yi shiru.

Maganar ficewa daga majalisa kuwa, Malam, ina za ka? Ku bakwai ne tsakanin Katsina da Daura. Wannan ba majalisar ƙwallo ba ce da za ka bar ta Ƙofar Ƙaura ka sami wata a Ƙofar Marusa kafin magariba. Kuma sanin wannan kaya a hannu yake, ba ya tafiya ta waya. Ɗauki takobi misali. Tsofaffin takubbanmu da dama ruwansu daga Turai ya ƙetaro Sahara, musamman daga Solingen ta Jamus, aka yi musu ƙota da kube a nan. Wasu suna da tambarin jinjirin wata biyu a jiki. Maƙeranmu suka ga tambarin yana ƙara daraja, su ma suka riƙa buga shi a nasu. Daga baya aka koma ƙera ruwa da ƙarfen sifirin mota, yau kuma akwai mai binne sabon takobi a ƙasa mai damshi ya yi tsatsa ya kawo maka a matsayin na kakan kakansa. A hoton waya duk ɗaya suke. Sai an zare, an ji nauyinsa a tsintsiyar hannu, an ɗan lanƙwasa ruwan an ga yadda yake komawa, an bi layukan da aka kwarzana a tsakiyarsa da farce, an kalli tambarin a hasken rana an ga ko bugu ɗaya ne ko sassaƙa. Wannan ba a koyonsa sai a gefen wanda ya riƙe ɗari kafin kai. Gajere, takobin sarautar Katsina, yana gidan Sarkin Katsina, takobin da ake dangantawa da Bayajidda yana fadar Daura, ba mai miƙo maka su ka juya. Gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina zai nuna maka kaya, amma ba zai bar ka ka lanƙwasa ba. A tabarmar nan taku kaɗai ake miƙa wa mutum abu a ce riƙe ka ji. Kai da bakinka ka ce Alhaji ya fi ka ido. Ka fice, ka bar masa kayan, ka bar masa mutanen, ka zauna a gida kai da dillalai.

Shi ya sa na ce tafiya, ba waya ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma mutumin da ya saba kwana a gidanka ya cancanci ka taka. Kwana ukun da shari'a ta ba mai fushi sun wuce tuni, kuma ka san wanda aka ce ya fi alheri cikin masu gaba biyu, shi ne wanda ya fara sallama. Ka tafi da hantsi, ka riƙe tsarabar da ka saba kai masa, kada ka rage kada ka ƙara. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali, ka sha ruwan da aka kawo. Kada ka ɗauko maganar a gaban 'ya'yansa ko yaran shagonsa. In kun keɓe, gajeriyar magana ta isa: Alhaji, na koma gidan nan an ce ka saya, abin ya yi mini zafi, kuma abin da ya fi yi mini zafi shi ne ban ji daga bakinka ba. Daga nan ka kama bakinka. Shirun zai yi nauyi, kada ka cike shi, nasa ne. Kuma don Allah kada Katsinancin ya motsa, ashar ɗaya ta isa ta mayar da kai mai laifi a gidan mutane. Wannan tafiya ko takobin nunawa kada ka ɗauka.

Kada ka ce ya sayar maka. Idan shi ya ce ka karɓa a yadda ya saya, karɓi abinka ba tare da jan aji ba, in kana da kuɗin. Idan bai ce ba, abin da za ka nema bai fi ƙarfinsa ba. Kada ya raba kayan, lambobi da littafi da hoto su zauna wuri ɗaya, don ranar da aka raba su tauraruwar ta koma ta kowa. In zai sayar wata rana, kai ne farkon ji. Ya ba ka hoton kowane shafi. Sannan a wanke hoton sojan babba, a sa shi a gilashi, ku kai wa tsohuwar ku biyu, don bai kamata a ce ta kwana ba fuskar mahaifinta a ɗakinta saboda sha'awarku ba. Ka kuma roƙe shi kada ya kai littafin a manne shi da leda mai zafi irin ta katin shaida, tana lalata tsohuwar takarda kuma ba ta ɓaruwa. Ambulan mai kauri da akwatin da gara da damshin damina ba sa shiga sun wadatar.

Ka tambaye shi nawa ya ba su. Tambaya ce mai nauyi, amma ita ce ta fi kowace muhimmanci a wurina. In abin da ya bayar bai taka kara ya karya ba, ku haɗa ku ƙara musu. Kafin ka yi masa ita kuma, ka yi wa kanka: kai nawa ka yi niyyar bayarwa da fanshon ya fito, kuma ka yi niyyar gaya wa jikan cewa takardar nan da yake gani kamar shara ta fi ƙarfen daraja? Masu wannan sha'awa suna yawan kukan abokin da ya riga su, ba kasafai nake jin mai kukan gidan da aka saye wa tarihi da kuɗin cefanen kwana biyu ba.

Ranar zama a zaurenka, in shayi ya zagaya, ka kawo shawara ba tare da ka kama suna ba. Wanda ya gano gida shi ke da fifiko har zuwa wa'adin da kuka yarda, wata ɗaya ko biyu. In ba shi da hali ya faɗa, wani ya saya da saninsa. Ku kuma kafa ɗan adashe a tsakaninku, ko asusun da mai buƙata zai ranta ya mayar, don kada jinkirin fansho ya sake raba wani da abin da ya yi wata yana bi. Wanda ya san labarin zai gane, wanda bai sani ba zai ce shawara ce mai kyau, Alhaji kuma zai san ka rufa masa asiri.

Tunda kai ne mai masauki, bari in tsoma baki a abin da ba ka tambaya ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta taƙaita saye da sayar da su, ta hana fitar da su waje ba izini. Takubbanku da kwalkwalin nan sun fi shiga wannan magana fiye da lambobin Bama. Ku san ma'aikatan gidan tarihi, su san ku, ku ma riƙa gayyatar ɗaya daga cikinsu zama. Bindiga ko ta toka ce sai da lasisin 'yan sanda, tsohon harsashi ko gurneti kuwa kada ya ƙetare dokin ƙofarka ko wa ya kawo shi, tsufa ba ya kashe su. Kuma a halin da jihar nan take ciki, ga shingaye a hanya ga rigimar ƙauraye a gari, mai tahowa da takubba uku a bayan mota ya naɗe su da kyau, ya riƙe takardar da ke nuna ko shi wane ne, ya yi tafiyarsa da rana. Baƙon da kuka sani a waya kaɗai kada zamansa na farko ya zama a ɗakin da kake ajiya.

Zai yiwu ka je Daura ya murje ido ya ce kasuwa ce, wanda ya riga biya shi ya saya. In haka ta faru, ka ji abin da kake buƙatar ji. Ku yi sallama lafiya. Ka ci gaba da gaishe shi, ka je bikinsa ka je ta'aziyyarsa, ya zauna a majalisa kamar kowa, in ya miƙo takobi ka karɓa ka duba. Amma kada ka ƙara kai shi gidan kowa, kuma ba sai ka yi wa sauran bayani ba, su ma suna da ido. Ni dai na fi zaton kunya ce ta ɗaure masa baki, kullum yana cewa gobe zai faɗa har goben ta yi nisa, kuma ganinka a ƙofar gidansa zai sauke masa kaya.

Ko yaya kuka rabu, ka gayyace shi zaman bayan Sallah da bakinka, ka ce ya taho da kayan a gani. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare, ka haɗo da sunan bataliyar da ke cikin littafin.